Karatun Yara a Gidan da Ake Sana'a

A ranar 1 ga Satumba 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙaramar hukumar Maradun. Ba a kwana ba gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe makarantun jihar. Wata shida kafin nan, a ranar 26 ga Fabrairu, an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Kafin Jangebe kuma annobar korona ta riga ta zaunar da yaran Nijeriya a gida tun daga Maris 2020 har tsawon watanni. Duk wanda ya haɗa waɗannan ranaku zai ga cewa akwai yara a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi waɗanda shekarunsu na koyon karatu suka faɗo daidai lokacin da ajin yake a kulle. An sake buɗe makarantu daga baya, amma a ƙauyuka da yawa malamin bai koma ba, ko kuma iyalin ne suka tashi suka dawo cikin gari suka raɓa da dangi. A irin waɗannan gidaje, abin da yaro zai koya ya koma hannun iyayensa, ko sun shirya ko ba su shirya ba.

Abin da ake nufi da karatun gida shi ne iyaye, ko wani da suka wakilta, su ɗauki nauyin koya wa yaro darussan da da a makaranta zai same su: karatu da rubutu da lissafi da sanin muhalli, a kan tsari, a lokaci sananne. Ya bambanta da tarbiyya, wadda kowane gida yake yi, ya kuma bambanta da taya yaro aikin da malami ya ba shi ya zo da shi. A Amurka halal ne a dukkan jihohi 50 tun 1993, a Ingila ma doka ta yarda, amma Jamus ta hana. A can zaɓi ne: iyaye su duba makarantar da ke kusa su ce sun fi son su koyar da kansu. A nan Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba da uwa su tabbatar ɗansu ya yi shekara 9 a makaranta, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, har ta tanadi gargaɗi sannan tara ga wanda ya ƙi. Saboda haka wannan faɗakarwa ba ta kiran kowa ya cire ɗansa daga makaranta. Magana ce a kan yadda za a riƙe karatu kada ya mutu a lokacin da makarantar ta gagara, da kuma yadda za a tallafe shi inda makarantar take a buɗe amma aji ya cika maƙil, malami ɗaya.

Su kuwa waɗanda suke rubuce-rubuce a kan wannan batu a ƙasashen Turawa, damuwarsu ɗaya ce: uwa tana gaban kwamfuta tana aikin ofis daga ɗakinta, yaro yana jan rigarta, lokaci bai ishe ta ba. Mu ma muna da irin wannan a yanzu. Akwai mai sayar da atamfa da turare ta WhatsApp, akwai mai sayar da data, akwai ma'aikacin da yake rubuta rahoto a waya. Amma aiki daga gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin intanet matan aure suke ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, suke kirɓa fura, suke daddawa, suke ɗinkin hula da kitso da wankau da surfe, ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 cewa akwai wata kasuwa babba da ke ci a cikin gidaje wadda idon baƙo ba ya gani. Bayanta Enid Schildkrout ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna abin da kowace uwa ta riga ta sani: wannan kasuwa da ƙafar yara take tafiya. Yaro ne yake sayo kayan haɗi, yarinya ce take ɗaukar faranti, su ne suke karɓo bashi, su ne suke kai saƙo.

A nan matsalarmu ta rabu da ta Turawa. A gidajenmu abin da sana'a da karatu suke ja-in-ja a kansa, lokacin yaron ne, fiye da lokacin uwar. Ƙosai da koko sai da safe, fura sai rana ta take, awara da dafaffiyar gyaɗa sai yamma. Idan aka ɗora makarantar allo bayan asuba da Islamiyya bayan la'asar, aka ƙara ɗiban ruwa da kai niƙa da rainon ƙanne, sai a tarar ranar yarinya 'yar shekara tara ta fi ta wani babban cika. Da makaranta take a buɗe, ita ce take ƙwato wa yaro sa'o'in safe, domin akwai ƙararrawa da rajista da malamin da zai tambaya. Da aka rufe ta, waɗannan sa'o'i ba su zauna haka nan ba, sana'a ta haɗiye su. Kuma ba mugunta ce ta sa ba. Uwar da ta ce "ɗauki farantin nan ki tafi kafin rana ta yi" tana lissafin cefanen dare ne da zubin adashi da kayan ɗakin ita yarinyar. Abin da sau da yawa ba a sani ba shi ne, karatun yaro ƙarami ba ya tsayawa ya jira a inda aka bar shi.

Yaron da ya fara haɗa baƙi da wasali a aji biyu, bai riga ya iya ba, yana kan hanya ne. Idan ya yi watanni bai ga rubutu ba, abin da ya fara kamawa yakan zube, ya koma kamar bai taɓa shiga aji ba. Ranar da aka buɗe makaranta kuwa, shekarunsa za a duba a sa shi aji huɗu, inda ake sa ran ya karanta littafi ya fahimta. Sai ya zauna a baya yana kwafar abin da ke kan allo kamar zane, kunya ta hana shi tambaya, daga nan ya fara fashi, daga fashi ya daina zuwa. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi. Yawancin waɗannan yara suna da suna a rajistar makaranta. To ina ga wanda ajinsa ya yi shekara a rufe?

Akwai kuma abin da ya shafi sana'ar kanta. A shekarar 2021, an rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, har da babbar kasuwar Alhamis ta Shinkafi, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar daga 3 ga Satumba. Mutane sun ga yadda ciniki yake tsayawa cak a rana ɗaya. Bayan haka, canjin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura har mai tuwo-tuwo karɓar kuɗi ta waya. Yau mai sana'ar da ba ta iya duba saƙon banki ba sai ta nemi wanda zai duba mata, kuma ba kowa ne amintacce ba. Yarinyar da ta iya karatu da lissafi ta fi amfani ga sana'ar uwarta nan da shekara uku fiye da ribar farantin da za ta kai yau da hantsi.

Koyarwa a cikin gida ma tana da asali a wannan ƙasa tamu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa mai natsuwa a matsayin jaji, ta koya mata, ita kuma ta koma garinsu ta koyar da mata a cikin gidajensu, mata masu daka da kaɗi da raino. Ba a gina musu aji ba, ba a ce su bar aikinsu ba. An nemo lokacin da ya dace da su ne, aka kai musu ilimin da harshen da suke ji. Ana iya ɗaukar wannan dabara yau ba tare da an canza mata komai ba.

Abu na farko shi ne a yarda cewa ba a tauna taura biyu lokaci guda. Uwar da take gaban kaskon suya ba za ta koyar ba, kuma bai ma kamata yara su zauna kusa da tafasasshen mai da littafi a hannu ba. Mai amsa saƙon masu saye a waya, idan ta ce za ta riƙa jin karatu tana danne-danne, yaron zai gane hankalinta ba ya wurinsa kafin ita ta gane. A ware lokaci ɗaya a rana, ko da minti 40 ne, a san na karatu ne, a ajiye waya, a sauke tukunya. Makarantar boko takan ɗauki awa biyar ko shida ne saboda malami yana fama da yara masu yawa. Wanda yake zaune da yara uku a kan tabarma ba ya buƙatar haka. Wane lokaci ne ya fi? Sana'ar gidan ce za ta faɗa. Mai ƙosai ta sami sararinta da hantsi bayan an dawo da faranti. Mai fura tana da safiya kafin kirɓi, ko bayan azahar. Tela da yake ɗinki a zaure yana iya tsayar da keke bayan sallar azahar, lokacin da dama masu kawo ɗinki ba su cika zuwa ba. Abin da ya fi muhimmanci, kada lokacin ya riƙa yawo. Minti 40 kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar kaɗai, kuma idan masu saye suka saba cewa daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya Inna ba ta awo, za su daidaita zuwansu. Mutane suna girmama ƙa'idar da mai ita ya girmama.

Abu na biyu, a san inda yaron yake kafin a fara. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta fito da hanyar da ake kira koyarwa daidai matakin yaro, wato a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba, kuma an gwada ta a Jihar Borno. Gwajin ba shi da wuya. A rubuta baƙaƙe biyar a nuna masa. Idan ya gane su, a ba shi kalmomi kamar "gida" da "rana" da "tulu". Idan ya wuce, a ba shi jimla, sannan gajeren labari. Inda ya tsaya, nan za a fara, ko da ɗan shekara goma sha biyu ne ya tsaya a baƙaƙe. Kada a yi masa gori, kada a sa ƙannensa su yi masa dariya. Kuma a fara da Hausa. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka yaro yakan kama shi da sauri, idan ya kama kuwa Turanci ya zo masa da sauƙi, tun da ya riga ya san yadda baƙi da wasali suke haɗuwa. A kan wannan fahimta aka gina shirin RANA, wanda ya koyar da karatu da lissafi da Hausa a makarantun firamare na Zamfara da Katsina da tallafin UNICEF. Littattafansa suna nan a hannun wasu malamai da makarantu, a tambaya. Idan yaro ya fara sakin baki, tsohon kwafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam zai riƙe shi wata da watanni.

Lissafi kuwa, gidan sana'a ya fi aji kayan aiki. Yarinyar da take talla ta riga ta iya canji da ka, sau da yawa fiye da ɗan makaranta. Abin da ya rage shi ne a mayar da abin da ke kanta kan takarda. A saya mata littafi mai layi ta zama mai rubuta cinikin gidan: tiya nawa ta gyaɗa aka saya, a kan nawa, kwalba nawa ta mai ta fito, nawa aka sayar da ƙuli, wa ya ci bashi, yaushe zai biya. A cikin wannan shafi ɗaya akwai tarawa da ɗebewa da ninkawa, akwai rubutun sunaye da kwanan wata. Uwar ma za ta amfana, domin masu sana'a da yawa ba su san ko riba suke ci ko uwar kuɗi suke cinyewa ba sai ranar da jari ya karye. A nan ne sana'a da karatu suke daina faɗa. Sai dai a kiyaye, rubuta ciniki ƙari ne a kan lokacin darasi, ba madadinsa ba.

Sai babbar tambaya, wadda iyaye da yawa za su yi: "Ni da ban yi boko ba, me zan koyar?" Uwar da ba ta iya karatun boko ba tana iya riƙe lokaci, tana iya zama ta ce "karanta mini in ji", tana iya tambayar me labarin ya ce, tana iya lura idan yaro yana inda-inda. Wannan rabin aikin ne. Da yawa kuma sun yi allo sun iya ajami, sun san wahalar haɗa baƙi, sun san haƙurin da take buƙata. Ɗaya rabin a neme shi a unguwa. Akwai yayan da ya gama sakandare yana zaune, akwai amaryar maƙwabta da ta yi Kwalejin Ilimi ta Maru ko ta mata da ke Gusau, akwai ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, akwai malamin da ya yi ritaya, akwai malamin ƙauye da shi ma gudun hijira ya kawo shi gari. Gida huɗu ko biyar su haɗu kamar yadda ake haɗa adashi: yau yaran suna gidan wance, gobe gidan wance, wadda ba za ta iya koyarwa ba ta kawo alli ko sabulu ko ɗan abin hasafi ga mai koyarwar. Ta haka kowace uwa ta sami safiya uku ko huɗu a mako da za ta fuskanci sana'arta babu mai jan zaninta. A bar rukunin ya zama ƙarami, a cikin gida, tsakanin maƙwabtan da suka san juna, saboda halin tsaron da ake ciki.

Maganar talla ba za ta warware da wa'azi ba, sai da lissafi. Idan aka rage awa biyu daga tallan yarinya, kuɗi zai ragu, kuma wani ne zai cike gurbin. A nan maigida yake shigowa. Ciyarwa da tufatarwa da ilimin yara haƙƙi ne a wuyansa, kuma galibin faranti da ke yawo a titi yana toshe ramin da cefane ya bari ne. Uban da ya ƙara ɗan abu a kuɗin cefane don 'yarsa ta zauna ta yi karatu ya biya kuɗin makaranta mafi arha da zai taɓa biya. Akwai kuma hanyoyin sayarwa da ba sa cin ranar yaro: a ajiye tebur a ƙofar gida, a ba mai shago sari, a karɓi oda ta waya masu saye su aiko, ko dattijuwa ɗaya ta ɗauki kayan gida uku a ba ta la'ada. Kuma a duba rabon aiki tsakanin 'ya'ya. A gidaje da yawa namiji yana gama allo ya fita ƙwallo, macen ce take talla da wanke-wanke da goyo. Idan aka raba aikin, lokacin karatunta zai fito ba tare da an yi asarar ko sisi ba.

Masu babbar waya suna da ƙarin taimako. A watan Maris 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa bisa manhajar ƙasa, wasu da Hausa, kyauta. Amma mutanen da suka ga an ɗauke sabis na makonni ba sa buƙatar a gaya musu kada su dogara da waya kacokan. Allo da alli da littafi ba sa neman caji. Kuma miƙa wa yaro waya don ya yi shiru a samu a yi aiki, wannan ba darasi ba ne, ko da abin da yake kallo da Turanci ake yi.

A kuma tuna da halin da yaran suke ciki. Wanda ya kwana a daji yana gudu, ko ya ji harbi da dare, ko ya rasa mahaifi, hankalinsa yakan watse, ya manta abin da aka koya masa jiya. Ba taurin kai ba ne, bulala kuwa ƙara rikita shi take yi. Zaman nan na kullum a lokaci ɗaya, da murya mai taushi, shi kansa magani ne. Yaron da yunwa ke ci ma ba ya riƙe karatu, don haka a sa darasi bayan an karya, ba kafin ba.

Duk da haka, gida ba zai ba da komai ba. Ba shi da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ba ya ba da takardar shaida, ba ya haɗa yaro da sa'o'insa na wasu unguwanni. Don haka a bar sunan yaro a rajista. Wanda ya baro ƙauye ya dawo Kaura ko Shinkafi ko Zurmi ya je makarantar da ta fi kusa ya ga hedimasta, ya nemi a karɓi ɗansa, ya tambayi littafin da ajinsa yake bi da lokacin jarrabawar shiga sakandare. Wanda karatunsa ya katse a babbar sakandare, hukumomin WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, ƙofa ba ta rufe ba. A watan Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar, kuma haƙƙin jama'a ne su riƙa tambaya, ta bakin kwamitocin kula da makarantu na unguwanninsu, yaushe wannan zai iso ajin 'ya'yansu, da malami da tsaro.

Kafin nan, muna kira ga limamai su ambaci wannan a huɗuba, masu unguwanni su taimaka a haɗa gidaje, masu ilimin da ke zaune a unguwa su ba da awa ɗaya a rana. Iyaye kuma, a daren yau bayan isha, a kira kowane yaro a ba shi layi biyu ya karanta, a ji inda ya tsaya, sannan maigida da uwargida su zauna su tsayar da lokacin da za a fara gobe.